Ina son koyon zane daga tushe, ta ina zan fara?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum. Ni tela ne a Fagge, shekara bakwai ke nan ina kan keke, amma zane ya gagare ni. Mutum zai kwatanta min wuyan rigar da yake so, in gane sarai, amma da na ɗauki biro don in nuna masa a takarda sai ka ce kaza ce ta yi tono. Shekaranjiya wani Alhaji ya dubi zanena ya ce, "Wannan aljihu ne ko taga?" Har yanzu yaran shago ba su daina yi min dariya ba. Ba ni da lokacin komawa makaranta, sai ɗan tsakanin Magariba da Isha. Don Allah masu sani, me zan saya, kuma da me zan fara?

Tsohon Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara ajiye biron nan. Ba ya goguwa, shi ya sa hannunka yake ɗar-ɗar. Ka shiga Sabon Gari wajen masu littattafai ka sayi fensir HB da 2B, da kilina, da farar takarda A4. Harafin H na nuna tauri, B kuma laushi da baƙi, wato 2B ya fi HB duhu, shi za ka riƙa yin inuwa da shi.

Kada ka fara da riga. Ɗauko butar alwalarka ka ajiye kusa da fitila. Ka manta buta ce: cikinta ƙwallo ne, wuyanta ɗan gwangwani, hancinta bututu. Ka zana waɗannan da sauƙin hannu, yadda da ƙyar za a gan su, sannan ka haɗe su. In kana son sanin tsawo da faɗi, miƙe hannunka gaba ɗaya da fensir, rufe ido ɗaya, ka auna da babban yatsa. Faɗin butar sau nawa ya shiga tsawonta? Yawancin masu koyo takarda suke ƙura wa ido, su zana butar da ke cikin kansu, ta gabansu kuwa tana zaune ba wanda ya kalle ta. Daga ƙarshe ka ɗan runtse ido, za ka ga inda haske ya bugi jikinta da inda duhu ya taru. Kowace takarda ka sa mata kwanan wata, kada ka yaga ko ɗaya.

Mai Lalle daga Gwale:
Baba ya gama magana. Ni dai abin da zan ƙara, mu a kan tsohon kwali muka koya: layi miƙaƙƙe, da'ira, lanƙwasa, shafi guda kullum har hannu ya saki. Kuma tunda aikinka na wuyan riga ne, ninka takarda biyu, zana rabi, ɗora a gilashin taga ka kwafi ɗaya rabin. Haka nake yin dagi ya fito daidai. In ka samu sarari ka leƙa Gidan Makama da littafinka, zanen jikin bango kaɗai ya ishe ka kwafa na wata guda.

Mai Fentin Allon Shago:
Da girmamawa, Malam, hanyarka tana da tsawo ga mai kwastoma a tsaye. Maigida, samo hoton rigar, ja masa layuka gida-gida, ja irinsu a takardarka, ka riƙa cika gida ɗaya bayan ɗaya. Da haka muke mayar da ƙaramin hoto ya cika bango. Kala kuma kar ka yi asarar kuɗi yanzu. Ja, shuɗi da ruwan ɗorawa, sai fari da baƙi. Shuɗi da ruwan ɗorawa su ba ka kore.

Tsohon Malamin Firamare:
Gida-gida na da amfani, ban musa ba. Amma ranar da Alhaji ya zo da riga a bakinsa, babu hoto, wane gida za a ja?

Telan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Na sayi fensir, na zana butar jiya da daddare. Uwargida ta ce ta fi kama da tulu, amma dai ta yarda abin zuba ruwa ne. Na sa kwanan wata kamar yadda Baba ya ce. Baba, hancin ne yake fitowa kamar an liƙa shi daga baya, ta ina ake gyara wannan?