Neman shawara: karyata Boerboel ta kusa neman barbara, in haɗa ta ko in dakata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da gonar kaji a bayan garin Kaduna, ta hanyar Zariya. Bara sau biyu ɓarayi suna haura mana, shi ne na sayo 'yar kwikwiya Boerboel, irin manyan karnukan nan na Afirka ta Kudu. Yanzu watanta 14, ta haura kilo 50, kuma tun da ta fara kwana tsakanin ɗakunan kajin ko ƙwai ɗaya bai sake ɓata ba. Ta ga jinin farko tana wata 9, a lissafina na biyun ya kusa. Wani abokina yana da namiji, ya ce in kawo ta a haɗa, in ta haihu ya ɗauki ɗa ɗaya. Mutum biyar sun riga sun ce suna son sayen 'ya'yan. Ba zan ɓoye muku ba, kuɗin zai rage mini nauyin abincinta. Sai dai hankalina bai kwanta ba: ban taɓa karɓar haihuwar karya ba, kuma biyu daga cikin masu son a gidan haya suke. Me kuka gani?

Likitan dabbobi daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata. Girman jikinta ne ya rufe maka ido, amma ita kanta yarinya ce. Manyan karnuka irin Boerboel da Caucasian da Great Dane ba sa gama haɗa ƙashi sai sun kai wata 18 zuwa 24. Ka ɗora mata ciki yanzu, abin da jikinta zai gina kansa da shi 'ya'yan ne za su zuƙe. Ka bari ta cika shekara 2.

Kafin nan a ɗauki hoton ƙashin ƙugunta, ita da namijin duka. Ciwon da ya fi addabar wannan jinsi shi ne gurɓacewar gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a cikin kwaminsa, kuma gadonsa ake yi. Kwikwiyo zai taso kamar lafiya lau, sai ya yi nauyi ka ga yana tsalle da ƙafafun baya a haɗe kamar zomo, tashi daga kwance ya zame masa aiki. A asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello za ka iya tambayar wannan hoton. A kuma duba jininsu, saboda cututtukan kaska da cutar da ke sa ɓari. Ka tambayi abokinka asalin karensa. In daga hannun mai kiwo ɗaya kuka saya, ta yiwu wa da ƙanwa ne kake shirin haɗawa.

Cikin kansa kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma za ta iya zubo maka 8 ko 10. Idan haihuwa ta gardama da tsakar dare, tiyata ce, to kuɗinta da lambar likita su kasance a hannunka tun kafin ranar.

Wani ɗan kasuwa daga Kano:
Haba Likita, karnukan unguwa wa yake ɗaukar musu hoto, ga su nan suna ta haihuwa? Malam ka haɗa abinka, kasuwa na ja yanzu.

Mai kiwo daga Jos, shekara da shekaru a harkar:
Alhaji, karen unguwa kilo 15 ne ko 20, ƙafarsa ba ta ɗaukar abin da ta kare mai kilo 70 ke ɗauka. Ba a kwatanta su.

Ɗan'uwa mai tambaya, ni abin da ya fi tsaya mini a maganarka shi ne masu gidan hayan nan. Na taɓa sayar wa wani mutum namijin Caucasian, ya biya ko tayi bai yi ba, ni kuma ban tambaye shi komai ba. Bayan wata 10 aka kira ni. Na tarar da karen a bayan gida kusa da janareta, ɗaure da sarƙar da ba ta kai taku uku ba, kwanon ruwansa a kife, gashin wuyansa ya cinye har nama ya fito. Gari ne mai zafi, shi kuwa kare ne na duwatsun Kokesas, gashinsa na ƙanƙara ne. Yaran layin kullum suna jifansa ta saman katanga. Ranar da sarƙar ta tsinke, yaron da ya kawo ruwa ya kama a cinya. Allah ya taƙaita yaron ya warke, amma karen har ya mutu a hannuna bai ƙara yarda da yaro ba. Ni na haifar da shi, ni na miƙa shi, wannan alhakin ba zan ɗora wa kowa ba.

Tun daga ranar ba na haɗa karya sai na san inda kowane ɗa zai je. Da ƙafata nake zuwa in ga gidan: tsayin katanga, inuwa, filin da zai miƙe ƙafa, da wanda zai riƙa ba shi abinci, don sau da yawa maigida ne ke so, wahalar kuma a bar wa mai gadin da ke tsoronsa. Ina tambayar ko matar gidan ta yarda. Mai gidan haya kuwa ina ba shi haƙuri, domin ranar da aka ba shi notis karen ne farkon abin da za a rasa inda za a kai. Sannan muna rubuta takarda: duk ranar da ya gaza, ni zai dawo wa da shi, ba zai sayar ba, ba zai sake shi a titi ba. To ka tambayi kanka, in uku suka dawo maka suna da shekara guda, kana da wurin ajiye su?

Kada ka raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8, ko da mai saye ya matsa. A wurin uwa da 'yan'uwa yake koyon sassauta cizo. Kuma akwatin haihuwa a kafa masa katako ta ciki a zagaye, don uwa mai wannan nauyi tana kwanciya a kan ɗa ba ta sani ba.

Wani malami daga Funtuwa:
Tun da maganar kuɗi ta shigo, bari in ƙara. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, naka ya shiga ciki. Sayarwa kuwa akwai hani a kan kuɗin kare, kuma Risala ta ambaci saɓanin malamai game da wanda aka yi izinin riƙewa. Sahnunu, malamin Malikiyya, yana cikin waɗanda suka halatta. Ka zauna da malaminka a kai. Abin da babu saɓani shi ne dabbar da ka tsare, cinta da shanta suna wuyanka.

Wata Hajiya daga Abuja:
Mu an ba mu Boerboel kyauta yana wata 2, sati guda ya yi ya fara amai da gudawar jini. Ashe ko allura ɗaya ba a yi masa ba. Don Allah duk wanda za ka ba, ka haɗa masa da katin rigakafi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira abokina, ya ce lallai wuri ɗaya muka saya, zai bincika ko uwarsu ɗaya. Wannan zagayen na haƙura. Likita, yaya zan tsare ta in jinin ya zo? Katangar gonar ta baya gajeriya ce.

Likita:
Wajen sati 3 yake ɗauka. Ka sa ta a ɗaki mai ƙofa da iska, ba keji a rana ba, ka fito da ita a igiya safe da yamma kai da kanka. Kada ka saki jiki don jinin ya tsaya ko ya yi fari-fari, lokacin ne ma take karɓar namiji. Kada kuma wani ya ba ta allurar hana ɗaukar ciki ta mutane, tana iya jawo ruɓewar mahaifa. Abin da Hajiya ta faɗa alamun parvo ne, cutar da ke kama hanjin kwikwiyo: allurar rigakafi ta farko a sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har sati 16, ta ciwon hauka kuma a wata 3, ana ma yin ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Ita taka ka duba katinta, in na bana bai cika ba ka kawo ta kafin jinin ya fara.