Sola don firiza a Tawa, wa ya taɓa gwadawa?

Maman Hadiza: Salamu alaikum. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a Tawa, ɗauke wuta ya hana ni sakat. Na kwashi adashi jikka 400. Firiza ɗaya ce, da rana kaɗai nake so ta yi aiki. Farantin sola nawa zan saya, kuma dole sai da batir?

Ɗan Adar: Hajiya, sayi janareto ki huta.

Baban Isuhu: Ni dai sola ta ƙona ni. Batir biyu na saya a Yamai, jikka 90 kowane, mai shago har da rantsuwa na Jamus ne. Bazara guda suka gani suka kumbura, ko fanka ba sa juyawa. Na koma, ya ce ba ya karɓar abin da ya fita. Allah ya isa.

Mai Shayi: Jikka 90? Ai tun a farashin aka cuce ka, Baba. Na kirki ya haura 150.

Ɗan Adar: Ni 60 na saya, yana nan garau.

Malam Sola: Baba, a ina ka ajiye su? In ɗakin kwano ne, zafi ya kashe su. Farantin ma haske yake juyawa lantarki, zafi rage masa ƙarfi yake. Ƙurar hunturu ta kwanta kan gilashin, wuta ta ragu, shi ya sa ake goge shi da sassafe. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, ta 2018, da ta Gorou Banda mai 30 duk haka suke, rana ta faɗi su ma sun tashi aiki.

Baban Isuhu: Kai da kake sayar da kayan, me za ka ce dama?

Malam Sola: Haɗawa nake, ba na sayarwa.

Mai Shayi: In zafi ne ke ba da wuta, da Tawa ta haska har Makka.

Maman Hadiza: Don Allah, faranti nawa?

Ɗan Adar: To tashoshin nan, wutarsu ina take zuwa? Tun da Najeriya ta yanke mana layi a Agustan 2023 na san ba mu da madafa. Unguwarmu jiya tun la'asar sai asuba, takardar kuɗi kuwa ba ta taɓa makara ba.

Baban Isuhu: Dam ɗin Kandaji fa? Tun ina saurayi ake mana zancensa.