Gidan gado a Agege: wane gyara ne zai ɗaga kuɗinsa ba tare da fasa gini ba?

Ɗan Zangon Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gida a Agege, irin ginin nan na da mai lungu a tsakiya, ɗakuna takwas suna kallon juna, banɗaki biyu da kicin a baya. Magada sun yarda a sayar a raba, ni aka ɗora wa ɗawainiyar. Tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara tsayawa a tashar Agege a 2024 dillalai suke ta kai-kawo, amma duk wanda aka kawo sai ya tsaya yana kallon gindin bango, inda fenti ya kumbura yana zubar da farin gari, sannan ya yi tayin wulaƙanci. Mun haɗa naira miliyan biyu da rabi. Ƙanwata ta dage a yi silin na POP da sabon fenti, ni kuma hankalina ya fi karkata ga tayil. Ina za mu sa kuɗin nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Mai Filasta, Orile:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba. Malam, daga kai har ƙanwarka ku dakata. Farin garin nan da kake gani gishiri ne da danshi yake turowa daga ƙasa, tsofaffin gine-gine da yawa ba a shimfiɗa musu ledar tare danshi a tushe ba. In ka shafa fenti a kansa, ruwan Yuni da Yuli kaɗai zai mayar da kai gidan jiya.

Fara da ruwa. Kafinta ya hau rufi ya canza kwanon da ya yi tsatsa, ya duba ƙusoshi da katakon da ya ruɓe. Sannan ka tsaya a tsakar gidan ranar da ake sheƙa ruwa, ka ga inda yake kwanciya. Sau da yawa titi ne aka ɗaga ya fi gidan tudu, ruwan kwata yana komowa ciki. A yashe kwatar, a ɗaga dokin ƙofa, a zuba daɓen siminti mai gangara zuwa waje. Bangon kuma a kankare filastar daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya, a bar shi ya sha iska ya bushe, a mayar da sabuwa da garin hana ruwa a cikin kwaɓin. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma ka bari sai damina ta ɗauke. POP a ƙarƙashin rufi mai yoyo kuwa, wannan ɓarnar kuɗi ce kawai.

Hajiya Mai Gidan Haya, Idi-Araba:
Ɗana, maganar mai filasta haka take, amma ni zan ƙara maka abin da mai saye yake tambaya tun bai zauna ba: wuta da ruwa. Ana bin gidan bashin NEPA? Ku Ikeja Electric ke ba ku wuta, ka je ofishinsu a buga maka abin da ke kan gidan, ku biya, ku nemi mitar kati. Wayoyin da suke reto a lungu a gyara su. In akwai rijiyar burtsatse, tanki da injin jan ruwa su kasance suna aiki. Tayil kuma ban da ɗakuna takwas, kuɗinku ba zai kai ba. Ku sa a banɗaki da kicin kawai, a kwashe sokawe. Mace in ta shiga duba gida, can baya take fara nufa.

Tsohon Dillali, Mile 12:
Ni zan saɓa da su kaɗan. Kafin ka sayi buhun siminti ɗaya, gano wa zai sayi gidan. Masu neman irin wannan gini kusa da tasha, da yawansu filin suke so, su rushe su ɗora benaye. Irin wannan mutum ko zinariya ka liƙa a banɗaki ba zai ƙara maka kwabo ba. Takarda yake saye. Gidan gado ne, to lauyansa zai nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Legas, da taswirar safiyo, da rasit na harajin fili da gini, wato Land Use Charge, da sa hannun magada. In akwai C of O, wato takardar shaidar mallakar fili daga gwamnati, dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna mallaka za ta koma hannun wani. Ka ware kason lauya tun yanzu. Ragowar a yi rufi da kwata, a wanke fuskar gida da get.

Ɗan Zangon Agege:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, bashin wuta akwai, kuma ba kaɗan ba. Alhaji, abin da muka samu a akwatin Baba rasit ne na dangin da suka sayar masa da filin, da wata taswira da ta fara yagewa. Gobe zan kai wa lauya. Amma akwai ’yan haya uku da kuɗinsu bai ƙare ba, a fara aikin rufin suna ciki ko a jira su tashi?