Kaska ta addabi karena, yaya zan cire ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaska ta cika wa karena kunne da tsakanin yatsun ƙafa, wasu har sun sha jini sun yi suntum. An ce in ɗiga musu kananzir ko in kara musu wutar ashana, wai za su saki da kansu. Don Allah masu sani, hakan ya yi?

Wani mai kiwon karnuka: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka soma. Kananzir yana ƙona fatar kare, in ya lasa kuma guba ne. Ita kaskar in ta ji azaba tana iya ƙara zuba masa yawunta, kuma ta yawun nan cuta ke shiga jini. Ka sa safar hannu, ka samu hantsaki mai siririn baki, wani ya riƙe maka karen. Buɗe gashin, ka kama ta daidai inda bakinta ya nutse a fata, ba a tumbi ba. Ka ja sama a hankali, ba fizga, ba murɗawa, har ta saki. Jefa ta cikin sifirit, ka goge wurin da maganin ciwo, ka wanke hannunka. Kada ka murtsuke ta da farce, domin wasu cututtukanta suna kama mutum.

Mai tambaya: Na gode, yallaɓai. To in bakin ya tsinke a ciki fa?

Wata likitar dabbobi: Kada ka tona, ɗan'uwa, fatar kan fitar da shi da kanta. Sai dai in wurin ya kumbura ko ya yi mugunya, ka kai shi asibiti. Kaskar da ke zurfin kunne ma a bar wa likita.

Abin da ya fi damuna shi ne makwancin karen. Macen kaska ɗaya tana zuba dubban ƙwai a tsagar bango, shi ya sa kana cirewa wasu na hawa. A wanke shimfiɗarsa, a yi wa wurin feshi. Akwai ƙwaya irin Bravecto mai aikin kimanin mako 12, amma da nauyin kare ake ba da ita. Maganin kaskar shanu kuwa kada ka haɗa da ka, yana kashe kare. In kana da kyanwa, ka nisanta ta da duk maganin da ke da sinadarin kashe ƙwari mai suna fametirin (permethrin).

Ka sa masa ido na 'yan makonni. Da ka ga ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, yana haɓo, ko fitsarinsa ya yi duhu, a yi masa gwajin jini a ranar.