Makomar kanikanci a zamanin motoci masu kwamfuta

Mai gareji daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da yake gani a garejinsa, domin iyaye suna kawo mini 'ya'yansu koyon aiki, suna kuma tambayata ko sana'ar nan za ta riƙe su nan gaba. Ni a kan Peugeot 504 da 505 na koyi aiki, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, lokacin da ƙarar inji kaɗai ta ishi bakanike ya gane ko kabureta ce ta toshe ko fulogi ne ya mutu. Yanzu kuwa yawancin motocin Beljiyam masu injekta ne, birenbos, wato kwamfutar motar, ke auna musu mai da iska, kuma da zarar fitilar gargaɗi ta kama, mai mota yakan wuce ni ya nemi mai na'urar binciken matsalar mota.

Rewaya daga Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Aikin bai ragu ba, hannu ya sauya. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta mahaɗin OBD-II, wato wurin da ake jona na'urar, wanda yake ƙarƙashin sitiyari, shi ya sa kusan kowace Camry ko Accord da ta shigo mana tana karɓar na'ura. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka na'urar ce take gyara, alhali lamba kawai take bayarwa. An taɓa kawo mini mota wadda aka canza mata sensar iskar salansa har sau biyu saboda lambar ta ambaci sensar, amma da na bi wayar da mita sai na tarar ɓera ne ya cinye ta. Kuɗin mai motar ya tafi a banza, kuma irin wannan ne yake zubar mana da mutunci a idon jama'a. Abin da ya fi damuna shi ne bayanin na'urar da zanen wayoyin duk da Turanci suke zuwa, ga shi yaran gareji da dama an cire su daga makaranta tun ba su iya karatu ba. Yaron da ba ya karanta zanen waya zai daɗe yana kwance taya da canjin baƙin mai.

Bakanike daga Abuja:
Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu tasi suka fara tambayar yadda za a mayar da motocinsu masu amfani da gas ɗin CNG, ni ma na je na karɓi horo. Akwai samu a ciki, amma ina roƙon 'yan'uwa kada wanda bai koya ba ya taɓa, domin matsin da ke cikin tukunyar yakan kai 200 a ma'aunin matsi na bar, ba irin ta girki ba ce. Fashewar da ta auku a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoban 2024 an danganta ta ne da tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba.

Mai gyara daga Maraɗi:
A wajenmu tsofaffin Hilux da Land Cruiser ne suke ciyar da mu, kuma muddin hanyoyin ƙauye suna nan yadda suke, aikin ƙafar mota da birki ba zai yanke ba.

Mai koyon aiki daga Zariya:
Ranku ya daɗe iyayena, ni ƙarami ne a cikinku. Da aka kawo mana Prius, motar da take haɗa fetur da lantarki, ogana ya hana kowa kusantar wayoyin nan masu ruwan lemo, ya ce ƙarfin wutar batirinta ya haura volt 200 kuma yana iya kisa, a ƙarshe ma muka mayar wa mai ita. Na ji zafin ganin aiki ya fita daga hannunmu. Motar lantarki zalla ma ba ta da fulogi ko baƙin mai, waɗanda su ne kuɗin cefanenmu na kullum, saboda haka na koma makarantar dare.

Mai gareji daga Kano:
Na gode ƙwarai. Ɗan'uwana na Kaduna, ina da yara biyu da suka gama sakandare, idan za ka karɓe su su koyi aikin na'ura da mita, zan turo su bayan Sallah, ni zan ɗauki nauyin abincinsu da masaukinsu.