Konseye ya ce in daina surutu in nuna wa yara, na gwada aji ya rikice

Sabon Mushe: Salamu alaikum ƴan uwa malamai. Tun jiya ban yi barcin kirki ba. Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da fizik a wani kolej nan Damagaram, ɗan kontiragi ne ni. Asali lissafi na karanta, darekta ya ce babu mai fizik, in riƙe. Mahaifina ma bai so in shiga koyarwa ba, so ya yi in zauna shagonsa a kasuwar Dole, to wannan wata magana ce. Ajina yara 84, uku-uku har huɗu-huɗu a tebur. Yadda nake yi: in yi bayani, in zana a tabulo, su kwafe rezume a kaye. Makon jiya konseye, wato mai duba aikin malamai yana ba su shawara, ya zauna bayan aji, da aka tashi ya ce awa guda ni kaɗai na yi magana, in nuna musu abu su gani da ido. Na cire jika biyu daga aljihuna na sayi pil, waya da ƙwan tocila. Na haɗa a gabansu, ƙwai ya ƙi kamawa. Ina gumi ina murza waya, na baya sun hau tebur suna leƙe, wani ya yi ihu "an ɗauke wuta!" aji ya fashe da dariya. Awa ta tafi, ko layi ɗaya ba a rubuta ba. Konseyen zai dawo. Don Allah me zan yi?

Tsohon Darekta: Ɗana, saurara. Shekara 31 na yi da alli a hannu. An kawo tsarin koyarwa na APC, an kawo wasu, duk na gani. Yara 84 ba a yi musu wasan waya. Yi bayani a tsanake, maimaita sau uku, tambaye su, ba su rezume mai tsabta. Ranar BEPC, jarabawar gama kolej, takarda da biki za a ba yaro, babu mai ba shi pil.

Madam SVT: Baba, da girmanka, yaron da bai taɓa ganin ƙwai ya kama ba haddar aku kawai yake yi. Mushe, ka gwada a gida kafin ka shiga aji? Ƙwan tocilan yanzu LED ne, wato marar zare a ciki, in ka juya ƙafafunsa ba ya kamawa, sai ka sauya su. Kuma kafin ka haɗa, tambaye su: in na sa cokali tsakanin wayoyin nan zai kama? In na sa roba fa? Kowa ya rubuta hasashensa, sannan ka kira layi-layi su zo su gani.

Sabon Mushe: Madam, na gwada mana, sai dai da wani ƙwan. Layi-layi kuma da wane lokaci? Na riga na makara a porogaram. Ni dai bayanina yara na ganewa, jarabawar farko da yawa sun ci.

Ɗan Mirriya: Kai kana da tebur ma. Ni a rumfar zana nake, in hunturu ya taso alli ba ya zama a tabulo. Wata biyu ban ga kuɗina ba. Konseye ya zo ya nuna mana da kansa mu gani. Kuma kada wanda ya kunna kyandir a zana da sunan gwaji, ba mu manta gobarar Maradi ta 2021 ba.

Tsohon Darekta: Ka ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Sannan malamin da yara suka yi wa dariya sau ɗaya, sai ya yi wata uku yana neman girmansa. Ranar da zai dawo ka ɗauki darasin lissafin fizik, ka fitar da yara biyu tabulo, shi ke nan.

Madam SVT: Baba, wannan ai rufa ido ne. Mushe, yaushe zai dawo? Ina da ƙwai mai zare guda biyu a gida, aiko yaro Garin Malam ya karɓa.

Sabon Mushe: Na gode Madam, amma ni ba ƙwai ne damuwata ba. Shi konseyen bai duba kayen yarana ba ko ɗaya, da ya ga yadda suke a tsare. Bai faɗi rana ba, cewa kawai ya yi kafin hutu.