Mutum ya ce ya ga jinjirin wata, masana falaki sun ce ba ya ganuwa: yaya ake auna hujjar?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. A wasu shekarun, idan yammacin 29 ga Sha'aban ya zo, akan sami mutanen da za su ce sun ga jinjirin wata a garinsu, alhali masu lissafin falaki sun riga sun bayyana cewa a ranar wata zai riga rana faɗuwa, ko kuma zai kasance dab da ita. Masu ba da shaidar sau da yawa dattawan kirki ne waɗanda ba a san su da ƙarya ba. Ba fatawa nake nema ba, domin sanarwar tsayuwar wata a Najeriya ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce. Abin da nake son fahimta shi ne yadda mai gaskiya zai rantse ya ga abin da ba ya nan, da kuma yadda ake auna irin wannan shaida.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Gani aiki ne da ido da ƙwaƙwalwa suke yi tare, kuma rabon ƙwaƙwalwa ya fi yadda ake zato. A cikin kowane ido akwai gurbin da jijiyar gani take fita, wanda ba ya karɓar haske ko kaɗan, amma babu wanda yake ganin rami a gabansa, saboda ƙwaƙwalwa tana cike gurbin da abin da ke kewaye da shi. Masanin nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya bayyana a 1867 cewa gani wani yanke hukunci ne da mutum yake yi ba tare da ya sani ba, inda yake haɗa ɗan abin da ido ya kawo da abin da ya saba gani.

Haka karatu yake. Rubutun bokon Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, amma mai karatu ba ya tsayawa tunani tsakanin "ya shiga gari" da "ya tankaɗe gari", domin sauran jimlar ta riga ta zaɓar masa. Wannan ne ma dalilin da marubuci yakan wuce kuskurensa sau uku bai lura ba: abin da ya yi niyyar rubutawa yake karantawa.

To, jinjirin daren farko siriri ne kamar zare, yana ƙasa-ƙasa cikin jan hasken almuru, sau da yawa ga hazo ko ƙura. Wanda ya ƙura ido yana ɗokin ganinsa, gefen gajimare da rana ta haska, ko farin layin da jirgin sama ya bari, ya isa ƙwaƙwalwarsa ta ƙarasa masa siffar. André Danjon, masanin falaki na Faransa, ya nuna a farkon shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kusan digiri 7 ba, jinjirin ba ya bayyana ga ido.

Ɗan Ƙididdiga ya amsa:

Malama ta yi bayanin mutum ɗaya, ni kuma zan yi na taro. A wani nazari da masana falaki Doggett da Schaefer suka wallafa a Amurka a 1994, bayan sun sa jama'a duban wata a wurare daban-daban, sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu duba sukan ce sun gani a inda ganin ba zai yiwu ba. Mu ɗauki wannan adadi mu yi lissafi. Idan mutum 20 suka fita duba, kowa a wurinsa, a daren da babu wata, yiwuwar a sami aƙalla ɗaya da zai ce ya gani ta kai kashi 96 cikin 100. Ko da mun rage kuskuren zuwa kashi 5, yiwuwar tana nan wajen kashi 64. A ƙasar da dubban mutane suke ɗaga kai sama a yammaci ɗaya, samun rahoto ba abin mamaki ba ne, rashinsa ne zai zama abin mamaki.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wannan rahoto, wanne ya fi sauƙin haifar da shi, wata na gaske ko kuskuren ido? Idan lissafi ya nuna jinjirin yana sama sosai bayan faɗuwar rana, shaidar mutum biyu tana da nauyi. Idan kuwa wata ya riga rana faɗuwa, kuskure ne kaɗai ya rage. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: idan mutum ɗaya ya nuna da yatsa ya ce "ga shi can", goma suka amsa, ba shaidu goma sha ɗaya aka samu ba, domin na goman sun rataya ne a kan na farkon.

Almajirin Fiƙihu ya amsa:

Allah ya saka wa malamai da alheri. Ina so kada mai karatu ya ɗauka cewa malaman fiƙihu ba su san da wannan matsala ba. A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata da shaidar adalai biyu ko da ganin jama'a mai yawa, amma Mukhtasar na Shaihu Khalil ya ƙara da cewa idan aka cika kwana talatin bisa shaidar mutum biyun, sama tana garau, ba a ga sabon wata ba, to an ƙaryata shaidarsu. Wato an bar ƙofar gwada shaidar da abin da zai biyo baya. Hanafawa kuma sun ce idan sama ta yi garau sai taro mai yawa, domin abin da ke fili bai kamata mutum ɗaya ko biyu kaɗai su gan shi ba. Taƙiyyuddin as-Subki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1355, ya tafi a kan cewa idan lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba zai yiwu ba, ba a karɓar shaidar.

Inda zan ɗan ja da Ɗan Ƙididdiga shi ne, adadin da aka samo daga jama'ar Amurka ba lallai ya hau kan makiyayi ko dattijon da ya shekara arba'in yana duban wata ba. Shi ya sa ake yi wa mai shaida tambayoyi: da wane lokaci ya gani, ta wane ɓangaren mafaɗar rana, tsayinsa nawa daga ƙasa, kuma ina ƙahonninsa suka fuskanta. Gefen wata mai haske kullum yana kallon inda rana ta faɗi, don haka wanda ya siffanta shi a juye, wani abu dabam ya gani, komai adalcinsa.